Abin da Aka Rubuta a Katin Auta

Shekara ashirin da bakwai Sista ta yi a ɗakin rigakafi, ɗakin ƙarshe a barandar asibitin, wanda tagarsa ke kallon tankin ruwa. Ɗakin ba wani abin a zo a gani ba ne. Tebur ɗaya, kujeru biyu, benci, labulen da ya koɗe har ba a gane ainihin launinsa, sai firij ɗin da take lallaɓawa kamar jinjiri. Sau biyu a rana take duba ma'aunin sanyinsa ta rubuta a takardar da ke manne a ƙofarsa. In tsautsayi ya kai ka ka jefa gorar ruwanka a ciki, to ranar ka shiga uku, ko kai wane ne. Ta taɓa fito da lemon wani babban likita ta ajiye masa a kan dakalin waje, cikin rana, ta koma bakin aikinta.

Abin da aka san ta da shi dai guda ne: allurarta ba ta zafi. Mata sukan bar gajeren layi su tsaya a nata, su yarda su yi awa biyu da goyo a baya. Dabararta ba ɓoyayya ba ce. Za ta tambaye ka wa ya ɗinka maka wannan rigar, kafin ka gama tuna sunan telan ta riga ta danna maka auduga tana cewa, "Tashi, an gama." Ƙarti masu gemu sukan waiga su duba dantsensu, su ce ba a yi ba. Yabon nan kuwa ya shige ta, ba sai an ɓoye ba. Ba ta fahariya da baki, amma in wata ma'aikaciya ta sa yaro ya tsala ihu a ɗakin da ke maƙwabtaka, Sista takan ɗan taɓe baki, ta ci gaba da jera sirinji.

Kowa a asibitin Sista yake ce mata, daga mai gadi har Matiron, shugabar ma'aikatan jinya. Mutum ɗaya ce tak ba ta kiranta haka, wato ƙanwarta Auta, wadda ke aiki a ɗakin wanki. Ita Yaya take cewa, da ƙarfi kuma, tun daga farkon baranda, ko da ɗakin cike yake da mutane. Shekara goma sha huɗu ke tsakaninsu. Auta na da shekara tara mahaifiyarsu ta rasu, Sista ta ɗauke ta, ita ta yi mata kitso, ita ta je makaranta duk lokacin da aka ce a turo iyaye, ita kuma ta yi ta sintiri a ofis har aka ɗauke ta aikin wanki. Auta ta tashi mace mai jiki, mai dariya da dukan ƙirjinta, wadda za ta ɗaga kwandon jiƙaƙƙun zannuwa da maza biyu ke nishi a kansa. Abu ɗaya ne ke karya ta a duniya. Ta ga tsinin allura, sai ta nemi hanyar gudu.

Wata shekara hukumar asibitin ta ce duk ma'aikacin da hannunsa ke taɓa jini, ko abin da jini ya taɓa, sai an yi masa rigakafin ciwon hanta nau'in B. Allura uku ce: ta farko yau, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku bayan wata shida. Daga nan a jira wata ɗaya ko biyu a ɗebi jini a ga ko jiki ya amsa. Akwai lamba da ɗakin gwaji ke fitarwa, in ta kai goma mutum ya sami garkuwa, in ba ta kai ba a sake masa. Aka buga kati ga kowa, da gurbin kwanan wata, da na lambar kwalba, da na wurin da aka yi allurar, da na sakamakon gwaji a can ƙasa.

Masu wanki duk suka zo suka karɓa, ban da Auta. Sai da Sista ta aika mata sau uku, sannan ta shigo ana dab da tashi, ta tsaya a bakin ƙofa tana murza gefen mayafi.

"Yaya, don girman Allah."

"Zauna, naɗe hannun riga."

"In na gan ta zan faɗi, kin sani. Kuma 'yan ɗakinmu da kika yi wa, kwana biyu suna ƙorafin hannu ya yi tsami. Ni da me zan matse zannuwa? Da haƙori?"

"Kau da kai mana."

"Ko na kau da kai ina jin ta a gefen idona. Ki yi min a baya, irin yadda kike min da ina ƙarama. In ban gani ba shi ke nan."

Sista ta san ƙa'ida. A rubuce take a 'yar takardar da ke cikin kwalin: jarirai a cinya, manya a tsokar dantse. Amma a zamanin da aka koya mata aiki rabin allura a mazaunai ake yin ta, kuma ta saba ganin ƙa'idojin da masu rubutu ke sauyawa duk shekara biyar ba tare da sun taɓa riƙe yaro mai shure-shure ba. Ta dubi ƙanwarta, ƙatuwar mace mai 'ya'ya biyu, idonta ya kawo ruwa saboda ɗan ƙarfen da bai kai tsinken sakace ba. Dariya ta kama ta, tausayi kuma ya bi bayan dariyar. Ta ja labule.

"Juya, raguwa kawai."

Auta ba ta ji komai ba. Ta fito tana gyara zani tana cewa duk duniya ba mai hannun Yayarta. Da Sista ta zo cika kati, alƙalaminta ya ɗan tsaya a gurbin wuri. Matiron na bin katunan ɗaya bayan ɗaya a ƙarshen wata, kuma mace ce mai son tambaya. Sista ta rubuta "hannun hagu". Bayan wata ɗaya ta sake rubuta haka, bayan wata shida ma haka, da rubutunta mai kyau da ake nuna wa sababbin ma'aikata. Da lokacin ɗibar jini ya yi, Auta ta sake zuwa da idonta mai ruwa, wannan karon allurar ma a jijiya za a sa. Sista ta ɗaga mata hannu.

"Ni na yi miki da kaina, me za a gwada? Je ki."

Gurbin ƙasa ya zauna fayau. Ba nata kaɗai ba ne, katuna da yawa haka suke, don haka ba wanda ya ɗaga gira.

Shekara uku bayan haka aka tura Sista wani taron ƙara wa juna sani na kwana biyu. Ta je ne da niyyar hutawa daga kukan yara. A rana ta biyu wani malami ya haska hoton jikin mutum a bango, ya nuna fata, ya nuna kitse, ya nuna tsoka a can ƙarƙashi. Ya ce wannan rigakafin sai ya shiga tsoka jiki ke jin sa sosai. A mazaunai kitse ya yi kauri, allurar sau da yawa ba ta ratsa shi, maganin ya zauna a kitsen, mutum ya tashi da kati cikakke da jini wayam. Ya ce ko an yi daidai ma akwai waɗanda jikinsu ke da nauyin amsawa: masu ƙiba, waɗanda suka haura arba'in, masu shan taba, masu ciwon ƙoda da sai an ninka musu awo. Shi ya sa ake gwaji. Sista tana riƙe da kofin shayi, ta ajiye shi a ƙasa. Ta tuna tsawon allurar da ta yi amfani da ita, ta tuna jikin Auta, ba sai wani ya yi mata lissafi ba.

A motar dawowa ta yanke shawara: ranar Litinin za ta kira Auta, a ɗebi jini, in ya kama a sake alluran daga farko. Litinin ta zo da cunkoson jarirai. Wata Litinin ɗin Auta na fama da haƙori. Wata kuma sun ɗan yi saɓani a kan wata maganar gida, ba lokacin tayar da wannan ba ne. Gaskiyar ita ce, kafin ta ce a ɗebi jini sai ta faɗi dalili, dalilin kuwa shi ne ta yi kuskure ta kuma rubuta ƙarya har sau uku. Auta kuwa yawo take a asibiti tana cewa, "Yayata ba ta kuskure, ko a gishirin miya." Sista ta kasa. Maganar ta koma kamar ɗan dutse a takalmi, tana jin sa kullum, tana kuma tafiya a kai. Haka aka ci shekara shida.

Ranar wata Talata da hantsi, Auta na warware zannuwan ɗakin maza, ta cusa hannu cikin wani dunƙulallen zanin gado, abu ya soke ta a babban yatsa, ya ratsa safar roba. Allura ce wani ya manta a ciki, da sauran jini a bututunta. Aka bi lambar zanin, aka gano gadon wani majiyyaci ne da aka san yana ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Shugaban ɗakin wanki ya tura ta wurin likitan da ke bakin aiki, ta tafi da katinta. Likitan mutum arba'in ke jiransa a waje. Ya duba, ya ga allura uku cif, kowacce a ranarta, ya ga sa hannun Sista.

"Wa ya yi miki? Au, Sista ce. Ai ke kin tsira. Wanke wurin da sabulu, ki koma aiki."

Da azahar Auta ta faɗo ɗakin rigakafi, yatsa naɗe da filasta, tana ba da labari tana dariya.

"Yaya, yau allura ta biyo ni har ɗakin wanki, tun da na ƙi zuwa wurinta! Likita na ganin sunanki ya ce in tafi. Kin ga amfanin babbar yaya."

Sista ta ajiye sirinjin da ke hannunta. Ta san abin da ya kamata a yi, ta san shi kamar sunanta. Wanda ba a tabbatar da garkuwarsa ba, a ɗebi jininsa a take. In lambar ba ta kai ba, akwai wata allura ta daban, garkuwa ce ta aro da aka tace daga jinin wasu, ana yin ta da wuri ta tare cutar kafin ta kama hanta. Gara a yi ta a ranar, in an makara ƙwarai kada a wuce kwana bakwai. Ta ma san akwai ta a firij ɗin babban kantin magani, don da idonta ta gani a makon da ya wuce. Ta buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Kin dai wanke da kyau ko?"

Ranar Laraba ta tashi da niyya. Ta bar layi tsaye, ta miƙe baranda har ƙofar likitan. A nan ta ci karo da Matiron, wadda ta dafa kafaɗarta ta ce ta ji labarin Auta, Allah ya kiyaye.

"Kin ga abin da nake faɗa wa yaran nan kullum. Da kowa na cika kati irin naki, da ban yi furfura ba."

Sista ta yi murmushi, ta ce ta zo aron almakashi ne, ta juya.

Daga nan ta shiga yi wa kanta huɗuba. Ai ba kowa aka yi wa a baya ba ne ya rasa garkuwa, da yawa sun samu. Ai ba kowace suka ce ke sa cuta ba. Ai wataƙila allurar ta daɗe a zanin, jinin ya bushe. Auta mace ce mai ƙarfi, ko mura ba ta cika kama ta ba. Duk maganganun nan akwai gaskiya a cikinsu, shi ya sa suka yi mata daɗin riƙewa. Ranar Asabar ta je gidan Auta da yamma, ta ƙudurta ba za ta fito ba sai ta faɗa. Ta tarar da mijin Auta, direban babbar mota, ya dawo daga tafiya, gidan ya cika da hayaniya, yara na rige-rigen buɗe tsaraba. Ya tare ta da tsokanarsa ta kullum.

"Babbar yaya! An ce ke kika ceci matata. Da ba don ke ba da yanzu ina neman mai dafa min ruwan zafi."

Aka yi dariya, ita ma ta yi. Ta zauna har aka kira magariba, ta yi sallama.

Talata ta zagayo, kwana bakwai suka cika. Abin da Sista ba ta taɓa yafe wa kanta ba, fiye da allurar, fiye da katin, shi ne abin da ta ji a safiyar Laraba. Sauƙi ta ji. Wa'adi ya wuce, yanzu ko ta faɗa ba abin da zai gyaru, saboda haka ba dole ta faɗa ba. Ta ji sauƙin nan sarai a ƙirjinta tana ɗaura ɗankwali, ta kuma san ko mene ne shi.

Wata biyu suka wuce lafiya, har ta fara cewa Allah ya rufa asiri. A mako na goma sha ɗaya Auta ta ce warin sabulu na tayar mata da zuciya. Matan ɗakin wanki suka yi ta tsokanarta wai ko na uku ne ke tafe. Sai gajiya, macen da ke ɗaga kwando ita kaɗai ta koma zama a kan bokiti tana haki. Sai fitsari ya yi duhu kamar shayin da ba madara. Ranar da ta shigo ɗakin rigakafi ta ce, "Yaya, duba min idona, wai sun ce ya canja," Sista ba ta buƙaci ta ja fatar idon ba. Daga inda take zaune ta hango ruwan ɗorawa.

Aka kwantar da ita mako biyu. Likitar da ta karɓe ta wata mace ce mai tabarau, ba ta daɗe da zuwa asibitin ba, irin mutanen da ba sa barin tambaya ta kwana. Ta sa aka gwada mijin da yaran. Yaran garau, da garkuwarsu, don tun suna jarirai Sista ta yi musu nasu a cinya yadda ya kamata. Mijin bai kamu ba, amma ba shi da garkuwa ko kaɗan, aka ce a fara masa allura uku nan take. Sista ta yi masa ta farko a dantse, Auta na kwance tana aiko da saƙo wai a lallaɓa mata shi, girman jiki ne kawai. Bayan wata ɗaya ta yi masa ta biyu.

Abin da ya hana likitar sukuni shi ne katin. Allura uku cikakku, amma cuta ta shiga. Ta nemi izini aka ɗebi jinin duk ma'aikatan da aka yi wa rigakafin, ta kuma roƙi Sista ta taya ta, tun da rajistar na hannunta. Suka shimfiɗa babbar takarda a kan teburin ɗakin rigakafi, suka ja layuka: wane iri aka yi wa mutum, tsohon da aka fara kawowa ko wanda ya zo daga baya, allura nawa ya karɓa, shekarunsa, sai lambar da jininsa ya nuna. Sista na karantowa, likita na rubutawa. Waɗanda suka tsaya a allura ɗaya ko biyu, da yawansu lambar ta yi ƙasa. Waɗanda suka cika uku, ko da wane irin ne, galibinsu suna da abinsu. 'Yan kaɗan da suka gaza aka sake musu, akasarinsu suka amsa.

"Ba daga maganin ba ne," in ji likitar, tana bin layi da bayan alƙalami. "Waɗanda kuka buɗe wa kwali ɗaya da ita duk lafiya lau. Firij ɗinki kuwa na ga takardunsa, ba abin cewa. Sista, aikinki ya yi kyau. Ƙanwarki dai tana cikin 'yan kaɗan ɗin nan da jikinsu ba ya amsawa. Da an gwada ta a lokacin, da an gane."

A gaban sunan Auta ta rubuta "jiki bai amsa ba". Sista na kallo, ita ta ma riƙe mata gefen takardar don iska na ɗaga ta.

Likitar ta yi wa Auta bayani da taushin murya, ta ce wani lokacin ƙiba na sa haka. Auta ta riƙe wannan kalma ɗaya ta bar sauran. Ta koma gida ta rage cin abinci har mijinta ya fara faɗa. Ta daina dariyar nan mai girgiza ƙirji. In an zo duba ta sai ta ce, "Ni na ja wa kaina, baki ne ya ƙi hutawa." An gaya mata yawancin manya jikinsu na korar cutar cikin wata shida. Wata shida suka cika, aka sake gwaji, tata ba ta fita ba. Za ta zauna da ita, ana duba hantar lokaci zuwa lokaci, wataƙila da shan magani na shekaru, ba za ta ƙara ba da jini ba, rezarta da burushinta daban.

Kwana biyu bayan sakamakon, Sista ta gangara ɗakin wanki a lokacin hutun rana. An mayar da Auta wajen ninki, aikin da ba ya son ƙarfi. Injina biyu na juyi, ɗakin ya ɗau zafi da ƙamshin guga. Rigar aikin Auta ta yi mata yawa, ta ɗaure ta da igiya a ƙugu. Kafin Sista ta zauna, Auta ta riga ta.

"Yaya, dama ina son ganinki. Ki yafe ni."

"Na yafe miki me?"

"Na zubar miki da suna. Shekara nawa kina aiki ba a taɓa cewa ga wanda kika yi wa ya kamu ba, sai a kan 'yar uwarki. Kin yi naki, jikina ne ya ƙi. Kin sha ce min in rage ci, ban ji ba."

Ta faɗa tana ninke zani, hawaye na ɗiga a kan farin yadin. A nan ne abin ya fi ƙarfin Sista. Ta iya ɗaukar yabon Matiron, ta iya ɗaukar na likita, amma ba ta iya ɗaukar neman gafarar Auta ba. Ta faɗa mata duka, a tsaye, ba ta tsallake komai ba: kitse da tsoka, abin da ta rubuta a kati, taron da ta je, shekara shida na Litinin, allurar aro da ke firij ɗin kantin magani, da kwana bakwai.

Auta ta gama ninke zanin da ke hannunta, ta daidaita kusurwoyinsa, ta ɗora a kan 'yan uwansa.

"Inda kika yi min ai na sani, jikina ne, ni na roƙe ki. Wannan ba komai." Injin ya sauya juyi. "Ranar da na zo miki da yatsa a naɗe, kin san da wannan allurar ta aro?"

"Na sani."

"Ranar Asabar da kika zo gidana kika zauna muka yi dariya?"

"Na sani."

"Wata shida ina zagin jikina a gabanki."

Sista ta so Auta ta yi ihu, ta jefe ta da wani abu, ta tara mata jama'a. Auta ta jawo wani zanin daga kwando, ta ce hutu ya ƙare, shugabansu ba ya son a tsaya hira.

Daga nan Sista ta wuce ofishin likita mai tabarau, ta ce a ɗauko katin da babbar takardar. A gabanta ta soke "hannun hagu" sau uku, ta rubuta gaskiya a gefe, ta sa hannu da kwanan wata. Likitar ta cire tabarau ta daɗe tana kallonta, sannan ta goge abin da ta rubuta a gaban sunan Auta. Aka ba Sista takardar tuhuma, ta amsa da layi huɗu. Aka bar ta a ɗakinta, tun da saura mata 'yan watanni ta yi ritaya, amma Matiron ta daina dafa mata kafaɗa. Wannan bai dame ta ba ko kusa. Abin da ke damunta shi ne baranda ta yi tsit, ba mai ƙwala mata kira daga farkonta.

Mako biyu bayan haka ranar allurar mijin Auta ta uku ta zo. Sista ta san ranar, ta zagaye ta a kalandar bango. Wajen ƙarfe goma ta ɗaga kai ta hango su a kan bencin waje, cikin masu goyo. Auta, wadda tun da take ba ta taɓa bin layi a ɗakin nan ba, tana riƙe da lamba a hannu. Sai da aka kira sha bakwai suka shigo. Direban ya gaishe ta a ladabce, ba tsokana, ya zauna ya naɗe hannun riga. Auta ta tsaya a gefen tebur ta miƙa katinsa.

"Ina kwana, Sista. Ta uku ce. In an gama a ba mu takardar gwajin jini."

Sista ta karɓa. Ta buɗe firij, ta duba kwalba, ta zuƙe maganin, ta goge dantsen da auduga. Ba ta tambaye shi wa ya ɗinka masa riga ba. Auta ba ta kau da kai ba, ta tsura wa tsinin ido har ya nutse a tsoka, hannunta ɗaya na riƙe da bakin tebur. Direban ya ɗan zabura ya ce, "Kai!"

Sista ta cika katin: kwanan wata, lambar kwalba, hannun hagu. Ta rubuta takardar gwaji ta haɗa ta miƙa. Auta ta karɓa, ta karanta katin a hankali, tana bin kowane gurbi da yatsan da allurar ta soka. Da ta zo gurbin wuri sai ta tsaya, ta juya ta ɗaga hannun rigar mijinta, ta dubi audugar da ke manne a dantsensa na hagu, ta sake duban katin. Sannan ta sa shi a jaka ta ja zik.

"Mun gode, Sista," ta ce, suka fita.

Mai lamba sha takwas ta riga ta shigo tana kwance goyo, tana faɗa wa ta bayanta cewa wannan ce mai allurar da ba ta zafi.